Raɗa da shela a cikin jini: kundin aikin wani ɗan littafi

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na sa hannu. Abin da na ɗora wa kaina ɗan littafi ne da Hausa, wanda ba zai wuce shafi arba'in ba, tare da karatunsa da murya da zan naɗa in tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Batunsa shi ne yadda fararen ƙwayoyin jini ke aika wa juna saƙo. Ɗalibaina na makarantar koyon aikin lafiya ne, kuma yawancinsu in sun gama ƙauye za a tura su, asibitin sha-ka-tafi mai ɗaki biyu, inda su ne likita su ne nas.

Jarrabawar zangon da ya wuce ce ta tunzura ni. Na tambaya me ke sa jikin mai zazzaɓi ya yi zafi. Kusan duk ajin suka rubuta cewa ƙwayar cuta ce ke dafa jini. Ɗaya ya ce yaƙi ake yi a ciki, shi ya sa. Ba wanda ya ce jikin ne da kansa ya iza wutar, kuma aike aka yi masa kafin ya iza.

Rabin laifin nawa ne. Shekara da shekaru ina shiga aji in ce fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki, in zana su da bindiga a allo, a yi dariya, mu wuce. A ɗigon jinin da bai fi kan fil ba, wato maikurolita ɗaya, akwai farare tsakanin 4,000 da 11,000, jajaye kuwa wajen miliyan biyar. Fararen ba su da yawa, ba iri ɗaya ba ne, kuma a warwatse suke: wasu a jini, wasu a ɓargo, wasu a saifa, wasu sun yi zamansu a fata da huhu. Ba ido gare su ba, ba waya. To ta yaya wadda ke cikin ɓargon ƙugu ta san an taka ƙaya a tafin ƙafa? Ban taɓa amsa wa ɗalibaina wannan ba.

Na tsara babi shida a bangon littafin rubutuna. Za mu ga ko tsarin zai kai labari.

Laraba, 22 ga Janairu

Kwana goma ina kokawa da kalmomi, ko babi ɗaya ban rubuta ba.

Saƙon da ƙwayoyin ke aikawa furotin ne ƙanana, wannan ƙwaya ta ƙera ta saki, waccan ta karɓa. Sunansu na gaba ɗaya saitokin. A cikinsu akwai babban dangi da ake kira intalukin, ma'anarsa "tsakanin fararen ƙwayoyi". A wani taron masana a ƙasar Suwizalan aka raɗa wannan suna a 1979, domin kafin nan kowane ɗakin bincike yakan sa wa abin da ya gano suna gwargwadon aikin da ya ga yana yi, har furotin ɗaya ya tara sunaye kamar jikan da kakanni suka yi wa yawa. Sai aka koma lamba, IL-1, IL-2, yanzu sun haura talatin. Daga baya aka gane har fata da bangon jijiyar jini suna yin su, amma suna ya riga ya bi su.

Abokin aikina na ɗakin gwajin jini ya ce, "Malama, da Turanci fa za su rubuta jarrabawa, kada ki rikita su." Na ce, "Malam, da Hausa za su yi wa uwar yaro bayani." Mun rabu a kan lambobin su zauna yadda suke, bayani ya zo da Hausa.

Inda na fi daɗewa shi ne furotin ɗin da ke jikin ƙwaya mai karɓa, wanda saƙon ke zuwa ya maƙale a kai. Littattafai duk misalin kwaɗo da makulli suke kawowa. Na gwada na yar. Kwaɗo in ya buɗe, ɗakin nan ne dai na kullum. IL-6 kuwa in ya je hanta sai ta hau ƙera furotin ɗin da muke aunawa a gwajin CRP, wato gwajin kumburi a jiki, in ya je wa farar ƙwayar da ake kira B sai ta ƙara himma wajen ƙera antibodi, furotin mai kama ƙwayar cuta, in ya kai ƙwaƙwalwa sai zazzaɓi. Na zaɓi in kira shi kunne. Kalangu ɗaya ake kaɗawa a kasuwa, mahauci ya ji takensa, yarinya mai talla ta ji rawa, baƙo ya ji hayaniya kawai. Ƙwayar da ba ta da kunnen wani saƙo, ko ya cika jini ba ruwanta.

Sai abu na biyu da nake so ya zauna musu: yawancin maganar raɗa ce. Ƙwaya ta saki saƙo, maƙwabciyarta da ke manne da ita ta ji, shi ke nan. Wani lokaci ma kanta take gaya wa, kamar farar ƙwayar da ake kira T, wadda ke sakin IL-2 ta kuma saurare shi da nata kunnen. A jinin mai lafiya da fikogiram ake auna su, wato giram ɗaya a raba shi gida tiriliyan. Sai abu ya yi tsanani raɗar ke zama shela, ta bi jini ta zaga jiki duka.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Babi na ɗaya ya kammala, "Ƙaya a tafin ƙafa". Na karanta wa Goggo da la'asar tana tsince shinkafa. Ita ce ma'aunina. Ta yi shekaru tana ungozoma a unguwa, ba ta yi boko ba, kuma ba ta jin kunyar cewa ba ta gane ba.

Ga yadda na jera shi. A cikin naman ƙafa akwai wata farar ƙwaya zaunanniya, makurofaj, na sa mata suna Mai-haɗiya. Ba ta yawo a jini, mai gadin unguwa ce. Ƙaya ta shigo da bakteriya, ta haɗiye abin da ta iya, sannan ta saki saƙonni biyu, TNF da IL-1. Waɗannan ba wajen ƙwayar cuta aka aike su ba. Wajen bangon jijiyar jini mafi kusa aka aike su. Bangon ya ji, jijiya ta buɗe, jini ya ƙaru, ruwa ya tsattsafo cikin nama, ga ja, ga zafi, ga kumburi. Sannan bangon ya fito da wasu furotin masu danƙo da ake kira selektin. Nutrofil, wadda ta fi kowa yawa cikin farare, tana tafe a guje cikin jini, sai selektin ya riƙa fizgar rigarta, ta rage gudu, ta koma mirginawa a jikin bango. A nan za ta ji wani saƙon, IL-8, mai cewa nan ne wurin. Sai ta miƙa nata ƙugiyoyin, intagirin, ta kama bango gam, ta kutsa tsakanin ƙwayoyinsa ta fice daga jijiyar, ta bi IL-8 zuwa inda ya fi ƙarfi, yadda mutum ke bin ƙamshin tsire har gaban tukubar mai shi. Mugunyar da ke taruwa bayan kwana biyu, galibinta gawarwakinsu ne.

Goggo ta ce, "To ke 'yar nan, in ƙugiyar babu fa?"

Ban shirya wa tambayar ba, amma akwai amsa. Akwai jariran da ake haifa da tawaya a wani sashe na ƙugiyar, sunansa CD18. Nutrofil ɗinsu na jin kira, sai dai ba ta iya kama bango. In an auna jininsu sai a ga farare sun cika maƙil, amma ba wadda ta isa wurin ciwo. Miki ba ya tara mugunya, ba ya kuma warkewa. Alamar farko sau da yawa ita ce cibiya ta ƙi faɗuwa, ta haura sati uku, har wata. Goggo ta ajiye tiren. Ta ce ita dai tun can ta san cibiyar da ta wuce suna da kwanaki masu yawa ba ta faɗi ba abin dubawa ce, amma ba ta taɓa jin cewa jini ke da hannu a faɗuwarta ba. Na gaya mata cutar ba kasafai ake ganinta ba, kuma yawancin cibiyar da ta yi jinkiri ba ita ba ce. Duk da haka na ƙara ta a babin, da tambayar Goggo a samanta.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ƙanena ya kawo zanen farko. Ya sa wa nutrofil hular soja da takalmi sau-ciki. Na ce ya cire, ya yi mata kunnuwa. Ya ce, "Yaya, ai ta zama zomo ke nan." Mun tsaya a kan ƙananan kunnuwa masu siffa daban-daban, kowane saƙo da siffar da ta dace da nasa.

Na rubuta ɗan akwati kan wani saƙon, intaferon. A 1957 a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suna gwajin bairos ɗin mura a kan tantanin ƙwan kaza, suka ga ƙwayoyin da bairos ya shiga suna sakin wani abu da ke sa na kusa da su su ƙi kamuwa. Ihun gobara ke nan. Gidan da ya kama ba lallai ya tsira ba, amma maƙwabta sun farka. Ciwon jiki da kasalar mura ma da hannunsa a ciki, domin waɗanda ake yi wa allurarsa a matsayin magani sukan ji kamar mura ta kama su alhali ba bairos ɗin mura a jikinsu.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

TNF ya cinye mini mako guda, kuma ban yi da-na-sani ba.

Sau biyu aka gano shi, da suna biyu. A 1975 a birnin New York, Lloyd Old da Elizabeth Carswell da abokan aikinsu suka yi wa ɓeraye BCG, allurar nan da ake yi wa jarirai a dantse, sannan suka ba su dafin bakteriya. Ruwan jinin ɓerayen, in aka yi wa wani ɓera mai ƙari allurarsa, sai ƙarin ya yi baƙi ya mutu. Suka sa wa abin suna mai kashe ƙari, wanda shi ne aka gajarta TNF. Mutane suka ɗauka an samu maganin ciwon daji.

Tsallaken titi kaɗan, a Jami'ar Rockefeller, Anthony Cerami na bin wata tambaya daban. Ya je Kenya kan cutar shanu da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda mu muke kira sammore. Duk makiyayi ya san ta: saniya tana kiwo amma tana zubewa, gashi ya tashi, haƙarƙari ya fito, har ta kasa miƙewa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ƙwayoyin cutar da ke jinin ba su kai yawan da za su cinye saniya guda ba. To wa ke cin ta? Da aka gwada a zomaye sai aka ga abin mamaki, zomo ya rame ƙashi da fata amma jininsa cike da maiƙo. Wani abu ne ke hana rumbun kitse na jiki karɓar maiƙon daga jini. Suka bi sawu har suka kai ga makurofaj, suka sa wa furotin ɗin suna mai ramarwa. A 1985 Bruce Beutler, a ɗakin binciken Cerami, ya tace shi, sai ga shi mai ramarwa da mai kashe ƙari abu ɗaya ne.

Na daɗe zaune bayan na rubuta wannan. Saniyar ba ƙwayar cuta ce kaɗai ta ramar da ita ba, shelar da jikinta ya yi ta yi ce, wata da watanni, ba a tsaya ba. Haka mai tarin fuka ke zubewa, haka mai ciwon daji. Burin maganin ƙari kuwa ya sha ruwa, don adadin TNF da zai kashe ƙari in aka sake shi a jini duka, yana karya bugun jinin mai shi ya kai shi bakin kabari.

Daga nan amsar tambayar jarrabawata ta fito da kanta. IL-1 da TNF da IL-6 in sun bi jini suka isa wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe da ma'aunin ɗumin jiki, sai jijiyoyin jinin wurin su yi wani sinadari, furostagilandin, shi kuma ya ɗaga ma'aunin daga digiri 37 zuwa 39 ko 40. Jikin da ke kan 37 sai ya ga kansa a ƙasa da inda aka ce ya kai, ya ji sanyi, ya hau kyarma, a lulluɓa masa bargo uku a tsakiyar rana. In saƙon ya lafa ma'auni ya sauko, sai gumi ya karyo. Farasitamol sinadarin nan yake rage wa ƙarfi. Ba ya taɓa ƙwayar cuta ko ɗaya. Wannan jimlar zan sa a rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Talata, 11 ga Maris

Azumi ya rage mini gudu. Bayan sahur nake rubutu, awa ɗaya, kafin barci ya rinjaye ni.

Babin zazzaɓin cizon sauro nake kai, kuma ya rusa mini tsari. Ƙwayar cutar tana girma a cikin jar ƙwayar jini, wajen awa 48 sai ta fasa ta ta fito da 'ya'yanta da dattin da ta tara. Makurofaj ta ji dattin, ta saki TNF da yawa a lokaci guda, masassara ta taso. Bincike a kan yara a Malawi a 1989, da wani a Gambiya a 1990, sun nuna cewa yaran da TNF ya fi hawa a jininsu su ne ciwon ya fi tsananta wa, su ne kuma aka fi rasawa. Kowa zai ce to a toshe bakin TNF mana. An gwada a Gambiya, da antibodi mai kama shi, a yaran da ciwon ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓi ya sauka. Mutuwa ba ta ragu ba.

Na so in tsallake wannan don kada in rikita ɗalibai, sai na ga shi ne ya fi komai amfani a babin. Ba mutum ɗaya ke magana a jini ba, taro ne, kuma rufe bakin mai ƙarar murya ba ya tashin taro.

Sai na ci karo da IL-10, wanda babu shi sam a tsarina na farko. A 1989 aka bayyana shi a Kaliforniya, a ɗakin binciken Tim Mosmann, kuma sunan da aka fara ba shi ma'anarsa mai hana ƙera saitokin. Aikinsa ya je wa makurofaj ya ce ya isa haka. Ɓerayen da aka cire wa shi, hanjinsu kumbura yake yi ba tsayawa, saboda bakteriyar da ke zaune lafiya a hanjin kowa. A Ghana, wani bincike na 1998 ya samu cewa yaran da zazzaɓin cizon sauro ya jawo wa ƙarancin jini mai tsanani, IL-10 ɗinsu ya yi ƙasa in aka kwatanta da sauran masu ciwon. Ita ma IL-6 tana da nata hannun a ƙarancin jini: takan sa hanta ta yi hefsidin, shi kuma ya kulle sinadarin ƙarfe a rumbu ya hana hanji tsotso sabo, don a hana ƙwayoyin cuta samu, ɓargo ma ya rasa na yin jajayen ƙwayoyi.

Na ja layi a kan babi shidana. Duk shidan kira ne zuwa faɗa, babu ko ɗaya a kan mai raba faɗa. Na haɗe biyu, na buɗe sabo, "Wanda ke cewa ya isa".

Asabar, 5 ga Afrilu

An dawo daga hutun sallah, na gwada babin ƙwayar T a aji ta hanyar wasa, tun da a takarda yana da nauyi.

Wata ɗaliba ta zama ƙwaya mai rassa, wata daga cikin farare, wadda Ralph Steinman ya bayyana a 1973. Shi ne mutumin da ya rasu kwana uku kafin a sanar da kyautar Nobel ɗinsa a 2011. Aikinta ta ɗebo guntun ƙwayar cuta daga miki ta kai kaluluwa, ta ɗaga shi a kan wani furotin kamar faranti, ƙwayoyin T su yi ta wucewa suna dubawa har a samu wadda kunnenta ya dace da guntun. Amma ganin guntun kaɗai bai isa ta tashi ba. Dole mai rassa ta nuna furotin na biyu, B7, ya taɓa CD28 da ke jikin ƙwayar T, wanda shi ke tabbatar da cewa daga wurin ɓarna aka ɗauko abin. Na ce musu alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. In shaida ɗaya ce ta zo, ƙwayar T ba ta tashi, sanyi ma take ƙarawa. In biyu ne, sai ta saki IL-2, ta hau rabuwa, ɗaya ta zama dubbai cikin kwanaki. Kaluluwar da ke fitowa a matsematsi in an ji ciwo a ƙafa, cunkoson wannan taron ne.

Wani ɗalibi ya ce, "Malama, in aka tsallake shaidar farko fa, aka danna ta biyu kawai?" An taɓa yi. A watan Maris na 2006 a Landan aka gwada wani sabon magani, TGN1412, a jikin maza shida masu lafiya. An ƙera shi ne ya kama CD28 ya tayar da ƙwayar T ba tare da shaidar farko ba. Abin da aka ba su ya yi ƙasa da wanda birai suka ɗauka lafiya har sau 500. Kafin awa biyu ciwon kai da zazzaɓi da amai sun turnuƙe su, saitokin ya cika musu jini, dukansu shida suka ƙare a sashen kulawa ta musamman, huhu da ƙoda suna neman tsayawa. Sun rayu, amma ɗaya ya rasa yatsun ƙafa da kan wasu yatsun hannu. Ba ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu. Ajin ya yi tsit.

Na rufe da linzamin. Bayan ƙwayar T ta tashi, da kanta take fito da CTLA-4, wanda ya fi CD28 iya kama B7, ya ƙwace shi, ta kuma fito da wani linzamin, PD-1. James Allison da Tasuku Honjo sun samu Nobel a 2018 saboda nuna cewa in aka sassauta wannan linzami ƙwayar T na iya afka wa ciwon daji. Kuɗin da ake biya shi ne wani lokaci ta afka wa hanji ko fata ko huhun mai ita.

Ƙanjamau ban daɗe a kai ba, sun san shi. Na dai nuna musu cewa CD4 ɗin da suke gani a takardar gwaji furotin ne a jikin ƙwayar T mai raba wa saura umarni, ta nan bairos ɗin ke shiga, kuma in adadinta ya faɗi ƙasa da 200 sauran fararen suna nan, mai gaya musu abin yi ne babu.

Laraba, 23 ga Afrilu

Wata ɗaliba ta tare ni a baranda da takardar gwajin jininta, ido ya raina fata. Nutrofil ɗinta ya ɗan gaza adadin da aka buga a gefen takarda, ita kuwa lafiyarta ƙalau. Na tura ta wurin likita, don ba a baranda ake yanke irin wannan ba. Amma ta tuna mini da abin da ya kamata ya shiga littafin.

Akwai wani kunne mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jini, mai tsotse saƙonnin kira irin su IL-8 ya riƙe. Wani nau'in ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, baibaks, ta wannan kunnen yake shiga jar ƙwaya. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba mu da shi a jajayen ƙwayoyinmu, kuma Louis Miller da abokan aikinsa sun nuna a 1976 cewa rashinsa kariya ce daga baibaks. Shi ya sa wani nau'in, falsifaram, ke damun mu, baibaks kuwa ya fi ƙarfi a Indiya da Kudancin Amurka. Masu wannan gado sau da yawa nutrofil ɗin da ke yawo a jininsu ya fi na Bature ƙaranci, ba tare da sun fi shi kamuwa da cuta ba. Adadin da ke gefen takardun gwaji kuwa, da yawa daga jinin Turawa aka samo shi. Shafi ɗaya na ba shi, da gargaɗin cewa wannan ba hujjar yin watsi da sakamako ba ce in akwai zazzaɓi ko miki a baki ko yawan ciwo.

Alhamis, 8 ga Mayu

Naɗar murya ta zama aiki. In na kunna fanka ƙararta ta shiga, in na kashe zafi ya hana ni numfashi, jiya kuma ina tsakiyar babi na uku aka ɗauke wuta, janaretan maƙwabci ya karɓe. Na koma naɗa bayan asuba. Babi biyu sun shiga.

Babin ƙarshe da na rubuta shi ne wanda za su fi cin karo da shi a wurin aiki. Deksametazon, maganin rage kumburi, da 'yan uwansa suna shiga cikin ƙwaya su hana ta ƙera saƙonni da yawa a lokaci guda, TNF da IL-1 da IL-6 da IL-2 duka. A watan Yuni na 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa a masu korona da ke kan na'urar numfashi ya rage mutuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku, a waɗanda ke kan iskar oksijin kuma da wajen ɗaya cikin biyar. Waɗanda ciwonsu bai kai ga buƙatar iska ba, bai amfane su ba. Magani ɗaya, cuta ɗaya, bambancin ko jiki na cikin faɗan da ake buƙata ne ko ya wuce gona da iri.

Shi ne dai maganin da ke cikin wasu ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, danginsa kuma suna cikin wasu mayukan bilicin. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, a jikin da yawa tana tsare cikin wani ɗan kurkuku da makurofaj da ƙwayoyin T suka gina a huhu. TNF da wani intaferon ne ke riƙe da katangar, kullum suna tunatar da masu gadi. Da aka fara ba masu amosanin gaɓɓai magungunan toshe TNF, sai aka ga tarin fuka na tashi a jikin wasu, shi ya sa yanzu ake gwada mutum kafin a fara masa. Yarinyar da ke haɗiyar deksametazon wata da watanni don kumatu su cika kafin biki, masu gadin nan take rufe wa baki, garin neman gira. Na rubuta sakin layin sau uku don in cire faɗa daga ciki. Goggo ta ce na bar kaɗan.

Lahadi, 25 ga Mayu

Shafi arba'in da bakwai, na zarce da bakwai. Babi shida an rubuta, huɗu an naɗa. Zane tara sun iso, saura uku, kuma ƙanena ya maƙale a kan IL-10, ya ce bai san yadda ake zana wanda aikinsa hanawa ne ba. Na ce ya gwada dattijo da hannu a ɗage.

Ɗalibai biyar sun karɓi babi na uku su karanta wa iyayensu, ranar Alhamis za su kawo mini inda aka tsaya aka ce me ke nan. Abokin aikina ya karɓi kwafi zai duba lambobin. Ya riga ya kama ni na rubuta IL-8 a inda ya kamata IL-6 a shafi na goma sha tara.

Sikila ban taɓa ba tukuna, ga shi selektin da nutrofil mai manne wa bango suna da hannu a toshewar jijiyar da ke kawo ciwon ƙashi. Ko dai in ƙara shafi huɗu, ko in rage labarin Landan. Gobe zan je wurin mai buga littafi in ji kuɗin kwafi ɗari biyu, shi zai raba gardamar.